Abin da aka tsayar kan shafen kwalta a titunan Kano

1. An yi ittifaƙi cewa shafen saman titi ba ya warkar da titin da ƙasansa ya lalace. Idan tsagar ta yi kama da fatar kada, ruwa ya riga ya shiga ƙarƙashi, sai an haƙa an sake zuba marmara da tsakuwa, a daddanne da rola.

2. Lambatu kafin kwalta. Leda da yashi sun toshe magudana, ruwan Agusta ya kwana a kan titi, me shafe zai yi?

3. A share titin tas, ya bushe. Ƙurar hunturu da baƙin man bakin garejin makanikai su ke hana shafen kamawa, ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon rogo.

4. Shafi biyu marasa kauri, a hana mota bi na awa 24 zuwa 48. Wanda aka lafta da kauri yakan narke a zafin Afrilu, ya manne a tayar Adaidaita Sahu.

Ra'ayi ya rabu kan lokacin yin shafen. Wasu sun ce Oktoba, da ɗaukewar ruwa. Wasu kuwa Maris, don a toshe tsagogi kafin damina, kuma hujjarsu ta fi kama hankali.