Me ke kayar da jam'iyyun masu matsakaicin ra'ayin riƙau, kuma yaya suke tashi?

Ɗan Kawo: Salamu alaikum jama'a. Jam'iyyar Conservative ta Birtaniya ta tashi da kujerun majalisa 121 kacal a 2024, a Ghana ma NPP, jam'iyyar da ke mulki a lokacin, ta sha ƙasa a Disambar shekarar. Ciwo ɗaya ne ke cin su? Ta ina ake fara magani?

Malam Na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Irin waɗannan jam'iyyu hajarsu ɗaya ce: mu ne muka iya riƙon tattalin arziki. Ranar da aljihun talaka ya ƙaryata su, kasuwa ta watse. A Satumban 1992 fam ɗin Ingila ya faɗi a hannun Firaminista John Major na Conservative, ba su wanke kansu ba har 1997, suka koma kujeru 165. A Ghana hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen 2022, aka kuma taɓa kuɗin masu takardun lamunin gwamnati.

Hajiya Barnawa: Malam, ka bar babba: ɓaraka. Inda mai rinjaye ke kwashe kujera ko da ƙuri'a ɗaya, rabuwar gida ta fi tsadar rayuwa kisa. A Kanada a 1993 sabuwar jam'iyyar Reform ta ja masu zafin ra'ayin riƙau, jam'iyyar 'yan riƙau mai mulki ta tsira da kujeru 2. Sai da suka haɗe a 2003, Stephen Harper ya hau mulki a 2006. PDP ɗinmu fa, wadda masana ke sakawa a wannan layi? Gwamnoni biyar suka fice a 2013. A 2023 Atiku, Obi da Kwankwaso, duk 'yan gida ɗaya a dā, kowa ya kama gabansa, ƙuri'unsu a haɗe sun zarce na Tinubu nesa ba kusa ba.

Malam Na Tudun Wada: Haka ne Hajiya. Amma sauya shugaba kaɗai ba ya warkarwa. Conservative ta gwada uku kafin David Cameron a 2005. Kuskurensu, sun yi ta faranta wa 'yan gani-kashe-ni, alhali waɗanda suka gudu 'yan tsakiya ne. A nan Kaduna, ga PDP, aikin na mazaɓu 255 ne: a sabunta rajistar 'yan jam'iyya, a yi zaɓen fidda gwani ba ɗauki-ɗora, a biya wakilan rumfa kafin ranar zaɓe, don wanda ba a sallama ba shi ke sa hannu a takardar sakamako ido rufe.

Ɗan Kawo: Na gode. To wa zai ɗauki nauyin duk wannan in babu gwamna a hannu?