Gugar layi a kan sitenles: zane ya bambanta, tsatsa kuma ta fito

Mai tambaya: Assalamu alaikum masu sana'a. Murafan akwatin lantarki ne guda 40 na sitenles lamba 304, kaurin milimita 1.5, aka yi musu gugar layi, irin mai siraran zane da ke tafiya gefe guda. Da aka jera su sai wasu suka fi wasu haske, wajen walda kuma ya yi duhu. Bayan mako uku ɗigo-ɗigon tsatsa suka fara fitowa. Wanda ya taɓa cin karo da haka ya taimaka.

Mai kula da injin bel: Wa alaikumus salam. Bambancin haske daga bel yake, wato samfefar da ke zagayawa a injin guga. Sabon bel mai lamba 180 (lambar kaushi ce, ƙaramar lamba ta fi kaushi) cizonsa ya fi na wanda ya yi aiki, zanensa ya fi zurfi, don haka murfin farko ya fi na talatin dishi-dishi ko da lambar ɗaya ce. Abin da muke yi, sabon bel ba ya taɓa kayan aiki sai ya ci guntun faranti na wasu mintuna haƙoransa sun kwanta. Sannan kayan da za a ɗaura kusa da juna a goge su a jere, da bel ɗaya, da dannawa ɗaya. Ka ajiye samfurin da mai kaya ya amince da shi a gefen inji, kana kwatantawa ƙarƙashin fitila ɗaya. Ido yana yaudara idan haske ya canza.

Mai walda: Malam, duhun wajen walda wuta ce ta yi yawa. Sitenles ba ya watsa zafi kamar baƙin ƙarfe, kusan kashi ɗaya bisa uku kawai yake yi, shi ya sa zafin ke taruwa wuri guda, farantin ya yi shuɗi ko ya banƙare. A kauri 1.5 kuwa ba ya ɗaukar wasa.

Ga yadda nake bi. Tudun waldar a rage shi da faifai mai lamba 80, amma a tsaya kafin ya yi daidai da jikin farantin, a bar ɗan tudu kaɗan. Sai 120 ta ƙarasa kwantar da shi. Daga nan 180, a bi layin da farantin ya zo da shi. A ƙarshe soson Scotch-Brite, jan nan mai duhu, shi ke haɗe sabon zane da tsoho. Kada a tsallake daga 80 zuwa 180. Karcen 80 zai ɓuya, sai an goge mai an kai kaya rana ya bayyana kamar tsagar fuska. Dabarar ganinsa: kowane mataki ka ɗan karkata hannu daga na baya, idan tsohon karce ya ɓace gaba ɗaya ka wuce gaba. Matakin ƙarshe ne kaɗai dole ya miƙe sak.

Giranda ta hannu kuma, mai juyi wajen 11,000 a minti, ba ta fitar da layi miƙaƙƙe, zane mai lanƙwasa take bari. Injin da ke da ganga mai faɗin milimita 100, wanda ake rage wa gudu, shi ne na wannan aiki.

Injiniyar duba inganci: Ni tsatsar ce ta fi damuna. Mai tambaya, da wane buroshi aka share waldar? Idan na wayar baƙin ƙarfe ne, an gama magana. Ƙurar baƙin ƙarfe tana maƙalewa cikin zanen, ita ce ke tsatsa da farko, daga baya ta huda fatar da ke kare sitenles ɗin. Faifan da ya taɓa yankar baƙin ƙarfe ma haka yake yi, tebur ma haka, har tartsatsin girandar da wani ke aiki da ita a gefe. Ka duba ɗigon da kyau: idan yana bin layi kamar an watsa barkono, to wannan ne.

Gyara shi ne a sake guga da sabon soso, a wanke mai da asiton, sannan a yi wankin asid, na sitirik ko na naitirik, yadda ƙa'idar wankin sitenles ta ASTM A967 ta tsara, a ɗauraye da ruwa mai tsabta sosai. Launin wuta na wajen walda kuwa wannan wanki ba ya cire shi, sai guga ko man asid na musamman, kuma wannan man yana cin fata har ƙashi, ba a taɓa shi babu safar roba da kariyar fuska.

Mai sayar da faranti: Hajiya injiniya ta yi gaskiya, amma a tabbatar 304 ɗin ne tukun. Ana sayar da wani nau'in sitenles, lamba 201, da sunan 304, kuma maganaɗisu ba ya raba su, duka biyun ba sa kama shi sosai. Akwai ruwan gwaji da ake ɗigawa, ko a nemi takardar masana'anta.

Mai tambaya: Hajiya, buroshin baƙin ƙarfe ne, yanzu na duba. Muna da irin wannan aiki na alminiyam mako mai zuwa, bel ɗin zai yi?

Mai kula da injin bel: A'a, ware masa nasa. Alminiyam laushi gare shi, yana toshe bel, sai curin da ya manne ya riƙa jan dogon karce. Shafa wa bel ɗin kakin guga, ka sassauta dannawa. Abin da ya fi wannan haɗari ƙurarsa ce: tana kama wuta har ta fashe, don haka kada ta shiga bututun zuƙar ƙura ɗaya da tartsatsin ƙarfe.

Mai haɗa ƙofofi da ƙarfen bene: Ƙari ɗaya da ake mantawa tun a zane: a sa kibiya a nuna inda layi zai fuskanta. Faranti biyu masu guga iri ɗaya, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, launi biyu za su nuna. Abin da zai zauna a waje layinsa ya sauka daga sama zuwa ƙasa, ruwan sama ya wanke ƙura, don zanen kwance riƙe ta yake yi. A kusurwar firam kuma, manna tef mai kauri a kan layin haɗi na digiri 45, ka goge ɓangare ɗaya, ka mayar da tef ɗin, ka goge ɗayan. Da an gama a rufe da leda mai manne, a ɗauka da safar hannu, a kuma gaya wa mai kaya kada a wanke da bilic, sinadarin kulorin da ke ciki yana huda 304.