Muhawara: Shin lissafin 1935 ya wadatar wajen hasashen nauyin cibiyar zarra?

Daga zauren WhatsApp na wasu malaman fiziks a Kaduna.

Malam Garba, Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan kan bakana, lissafin da masanin fiziks Weizsäcker ya fitar a 1935 ya wadatar wajen hasashen ƙarfin da ke ɗaure cibiyar zarra, wanda daga shi ake gane nauyinta. Ya ɗauki cibiyar zarra tamkar ɗigon ruwa, ya duba girmanta, da fatarta, da turewar da firoton ke yi wa juna, da rinjayen niyutron, da zaman bibbiyu. Kuskurensa bai wuce MeV 3 ba a matsakaici (MeV ma'aunin ƙarfi ne), alhali ƙarfin da ke ɗaure cibiya mai nauyi ya haura 1,000. Sababbin tsare-tsaren lissafin da suka biyo bayansa kuwa, murɗa lambobi ake yi har sai sun dace da awo.

Malama Hadiza, Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam. Malam, a yi haƙuri, ku gwada shi a kan darma mai lamba 208, wato jimillar firoton da niyutron ɗinta. Na zauna da kalkuleta na sa firoton 82 da niyutron 126, ya ba ni wajen MeV 1,628. Abin da aka auna 1,636 ne. Giɓin nan na 8 ba kuskuren hannu ba ne. Duk cibiyar da yawan firoton ko niyutron ɗinta ya faɗa kan 2, 8, 20, 28, 50, 82 ko 126 ta fi ɗauruwa fiye da yadda ɗigon ruwa ya ce, kuma shi ya sa Maria Goeppert Mayer da Hans Jensen suka kawo tsarin ɓawo a 1949, wanda ke cewa firoton da niyutron na zaune hawa-hawa a cikin cibiya, har ya kai su ga kyautar Nobel a 1963.

Malam Garba: Takwas cikin 1,636 fa, 'yar'uwa. Ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari bai kai ba.

Aminu, Kawo: Ranka ya daɗe, a nan ne na saɓa da ku. Ba jimillar ake aiki da ita ba, bambancin da ke tsakanin cibiya da maƙwabciyarta ake so, wato ƙarfin da za a kashe a ciro niyutron guda. Shi kuma 'yan MeV ne ƙalilan. Idan ka yi kuskuren 3 a abin da bai kai 10 ba, ai lissafi ya rushe. Masu binciken yadda zinare da yuraniyam suka samu, kamar a karon taurarin niyutron biyu da aka gano a watan Agustan 2017, da wannan bambancin suke aiki, kuma yawancin cibiyoyin da suke buƙata ba a taɓa auna su ba.

Dakta Saratu, Barnawa: Aminu ya yi gaskiya, amma kada a yar da rabin maganar Malam Garba. Tsarin Duflo da Zuker na 1995 ya sauko da kuskure zuwa wajen MeV 0.4, na Möller da abokansa kuma wajen 0.6. Sai dai duk a kan cibiyoyi kusan 2,500 ne da aka riga aka auna. Da zarar an yi nisa zuwa masu tarin niyutron, sai ka ga kowane tsari ya kama gabansa, suna saɓa wa juna da MeV masu yawa. Abin da ke damuna ke nan, ɗalibi ya ga ƙaramin kuskure ya ɗauka an gama. Hatta lamba 20 ɗin da Hadiza ta ambata, ƙarfinta ya dusashe a magniziyam 32.

Malam Garba: To Dakta, ai kun dawo layina.

Dakta Saratu: A'a Malam. Shi ma na 1935 ɗin da awo aka daidaita lambobinsa, kuma ba ya ganin ɓawo ko kaɗan, don haka ba shi ne mafita a can nesa ba. Abin da zai raba gardama shi ne sabon awo. Don haka aka buɗe ɗakin bincike na FRIB a Mishigan ta Amurka a 2022, ana ƙera cibiyoyin da ba sa daɗewa ana auna su. Tsarin da ya faɗi nauyi tun kafin a auna, aka auna ya dace, shi nake ba wa amana.

Malama Hadiza: Ina da shawara. A ba ɗalibai jerin cibiyoyin kuza, duka firoton 50 ne, su lissafa da tsohon tsarin, su kwatanta da teburin awo na 2020. Za su ga yadda giɓin ke buɗewa in an doshi niyutron 82.

Malam Garba: A aji dai da na 1935 zan ci gaba da farawa, domin shi ne yaro zai iya yi da biro da takarda ya fahimci dalilin kowane sashe. Amma turo min teburin, Malama, zan lissafa kuza 132 da kaina kafin mu haɗu ranar Asabar, in sha Allahu.