Mu ci gaba da haƙuri da Jackson Holliday, ko an yi masa yabon da ya fi ƙarfinsa?

Baban Hauwa ya rubuta a 2024:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bin wasan besbol. Ina zaune a kusa da Baltimore, kuma na fara goyon bayan ƙungiyar Orioles ne a 2019, shekarar da aka ci ta wasa 108, lokacin da kullum ake ce mana mu jira yaran da ake renon su a ƙananan lig. Mun jira, kuma a 2023 ƙungiyar ta ci wasa 101 ta zo ta ɗaya a rukuninta. To amma a kan Jackson Holliday zuciyata ta fara rawa. Shi ne aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2022, aka biya shi sama da dala miliyan 8 tun bai buga ko wasa ɗaya ba, aka kuma yi ta cewa babu kamarsa a dukan ƙananan lig. Ranar 10 ga Afrilu, 2024 ya fara wasa a babban lig a filin Fenway da ke Boston, ya shiga bugu sau 34 a wasa 10, sau 2 kacal ya yi bugun da ya kai shi zango lafiya, sau 18 kuma masu jifa suka fitar da shi bai iya sa ƙwallon cikin fili ba. Ranar 26 ga watan aka mayar da shi Norfolk, inda reshen Orioles na ƙananan lig yake. Ɗana, wanda na saya wa riga mai lamba 7 saboda shi, ya tambaye ni ko an kore shi ne, na rasa amsar da zan ba shi. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Shin wannan Larabar ce muka gani, ko kuwa ni ne na yi gaggawa?

Mazaunin Norfolk ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam Baban Hauwa. Ka gaya wa yaron ba a kori kowa ba, domin mayar da ɗan wasa matakin AAA, wato mataki mafi girma a ƙananan lig, yana cikin ƙa'idar wasan, har kowane ɗan wasa yana da shekaru uku da ƙungiya za ta iya hawa da sauka da shi ba tare da ta rasa shi ba. Ni ina zuwa filin Harbor Park kallon Norfolk Tides, kuma na ga Holliday da idona, saboda haka bari in tsawaita kaɗan.

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne shekarunsa. An haife shi a watan Disamba na 2003, wato yana da shekara 20 ya tsaya gaban masu jifan da wasunsu sun shekara goma suna wannan sana'a, alhali tsararrakinsa da yawa suna jami'a suna wasan ɗalibai. A kakar 2023 kaɗai ya ratsa matakai huɗu na ƙananan lig, daga Delmarva zuwa Aberdeen, zuwa Bowie, zuwa Norfolk, tafiyar da kan ɗauki yawancin 'yan wasa shekara uku ko huɗu, kuma ya gama kakar da ma'aunin bugu .323. Ga wanda bai saba da lissafin ba, duk wanda yake samun bugu uku cikin goma gwani ne a wannan wasa. Abin da ya fi burge ni ma ba wannan ba ne, idonsa ne, domin sau 101 aka ba shi zangon farko kyauta a waccan kakar saboda ya ƙi kai wa mugun jifa bugu, kuma irin wannan natsuwa ba ta cika ɓacewa cikin mako biyu ba.

Sai dai wannan saurin hawan shi ne ya zame masa cikas. Wasa 18 kawai ya buga a matakin AAA a 2023, ya ƙara 10 a farkon 2024 kafin a kira shi, wato bai daɗe a matakin da ake haɗuwa da tsofaffin hannu ba, waɗanda suka san yadda za su gano inda mai bugu yake da rauni su yi ta jifa nan har sai ya gyara. A babban lig kowace ƙungiya tana da ma'aikatan da aikinsu kawai su zauna gaban kwamfuta suna nazarin bidiyon kowane bugu, don haka raunin da ka ɓoye a Bowie za a gano shi a kwana uku. Ga shi kuma an sauya masa wurin tsaro, daga tsakanin zango na biyu da na uku inda ya tashi, aka mayar da shi zango na biyu saboda abokin wasansa Gunnar Henderson ya riga ya kama wancan wurin, ya zama yana koyon abu biyu a lokaci guda a gaban dubban mutane.

Tarihin ƙungiyarmu ma ya ishe mu misali. Cal Ripken ƙarami ya samu bugu 5 cikin 39 a 1981, a shekarar da ta biyo ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa, daga baya ya buga wasa 2,632 a jere. A wajen ƙungiyarmu kuma, Mike Trout na Angels ya buga wasa 40 a 2011 yana da shekara 19 da ma'aunin .220, ya fara kakar 2012 a matakin AAA a Salt Lake, da aka sake kiransa a ƙarshen Afrilu kuwa sai ya gama shekarar da .326. Shiga bugu sau 34 bai kai a yanke hukunci da shi ba, a wasan da ake buga karawa 162 a kaka guda.

Maman Sadiq ta amsa:

Malam na Norfolk, na yarda da kai cewa mako biyu ba ma'auni ba ne, amma ina tsoron kada mu riƙa kawo sunayen waɗanda suka yi nasara kaɗai, mu manta da sauran. Brien Taylor shi ne na ɗaya a zaɓen 1991, ƙungiyar Yankees ta ɗauke shi, ya ji rauni a kafaɗa a 1993, bai taɓa taka babban lig ba. Mark Appel shi ne na ɗaya a 2013, amma sai a 2022 ya fara wasa a babban lig tare da Phillies, yana da shekara 30. Su ma an yi musu irin yabon da ake yi wa Holliday. Na san dukansu masu jifa ne, kuma hannun mai jifa ya fi saurin lalacewa, amma abin lura shi ne zama na ɗaya a zaɓe ba alkawari ba ne.

Abin da ya dame ni ba ƙarancin bugun ba ne, domin mutum kan buga ƙwallo da kyau ta faɗa hannun mai tsaro, wannan rashin sa'a ne. Fita sau 18 ba tare da an sa ƙwallon cikin fili ba kuwa ba rashin sa'a ba ne, alama ce ta cewa sandarsa tana makara. Don haka ni haƙurina yana da sharaɗi: ina so in ga yawan wannan fitar ya ragu a Norfolk, ya kuma riƙa cimma jifa mai gudu, kafin in ce a dawo da shi. Haka kuma ina ganin mu magoya baya ne muka ɗora masa kayan da ba nasa ba. Saboda mahaifinsa Matt Holliday ya shiga wasan taurari sau 7 ya kuma ci kofi da Cardinals a 2011, sai muka ɗauka ɗan zai fara daga inda uban ya tsaya. Idan ya zama ɗan wasa nagari da zai riƙe zango na biyu shekara goma, ba lallai sai ya zama Trout ba, ƙungiya ta ci riba, amma na tabbata akwai waɗanda za su kira hakan faɗuwa.

Ɗan Gidan Oriole ya amsa:

Hajiya Maman Sadiq ta faɗi gaskiya a kan nauyin da muka ɗora masa. Ina so in ƙara cewa halin da ƙungiyar take ciki ne ya gajarta masa lokaci. Da a 2021 ya zo, shekarar da aka ci mu wasa 110, da an bar shi ya yi ta kuskure har ya koya, domin babu abin da za a rasa. A wannan kakar ta 2024 kuwa ana fafatawa da Yankees a kan matsayi na ɗaya, ga Jordan Westburg da Jorge Mateo da Ramón Urías da za su iya cike gurbin, saboda haka Mike Elias, babban manajan ƙungiyar, ba zai iya sayar da wasanni don karatun mutum ɗaya ba. Henderson kansa ma'aunin bugunsa bai kai .200 ba a watan Afrilun 2023, mutane suka yi ta cewa a sauke shi, aka bar shi, ya ƙare shekarar a matsayin gwarzon sababbin 'yan wasa. Bambancin shi ne Henderson yana samun zangon farko kyauta ko a lokacin da bugu ya ƙi, Holliday kuwa sau 2 kawai ya samu a wasa goman nan.

Baban Hauwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar Hajiya ta yawan fita ita ce zan riƙa dubawa a sakamakon Norfolk kowace safiya, maimakon in tsaya kan ma'aunin bugu kaɗai. Na yi wa yaron bayani cewa an mayar da shi ne ya gyara bugunsa, kuma ya ce zai ci gaba da sa rigarsa. Malam na Norfolk, idan Allah ya kai mu hutun makaranta ina da niyyar kawo shi Harbor Park ya gan shi a can, don haka ina roƙon ka gaya mini wane ɓangare na filin ya fi dacewa a zauna da yaro, inda za a ga mai bugu sosai.