Ramuwar gayya ta fi gayya zafi: izini ne ko gargaɗi?

Ɗalibar Hausa:
Assalamu alaikum jama'a. Ga karin maganar da nake so a baje mana yau: "Ramuwar gayya ta fi gayya zafi." Masu sana'a sun riƙe ta kamar lasisi. Kwastoma ya zo da tsiya, ya raina aiki, ya ɗaga murya a gaban mutane, sai a yi masa wata 'yar ƙeta a ɓoye, in an yi magana a ce ai Bahaushe ya riga ya faɗa. Izini ta bayar ko gargaɗi take yi? Kuma da wa take, da wanda ya fara ko da wanda zai rama?

Malamin Harshe:
Wa'alaikumus salam. A fara tantance kalmar. Akwai gayyar da ake tara mutane su kama wa ɗaya aiki, wannan ba ita ba ce. Ta nan ita ce ta "da gayya ya yi", wato da gangan, don ran wani ya ɓaci. Wasu suna cewa "ta fi ta gayya zafi", ma'anar dai ɗaya ce. Sannan ki duba ginin jimlar, babu umarni a cikinta. Kwatanta ta da "In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere", wadda ke faɗa maka abin yi kai tsaye. Ita tamu labari kawai ta bayar, kuma da mai farawa take. Shi ya yi nasa cikin fushi ya manta, mai ramuwa kuwa shi ke zaɓar rana da wuri da inda zai fi ciwo. Daga nan zafin ya fito.

Tela:
Malam, ban ƙi ta taka ba, amma a kan teburin yanka akwai ramuwar da ba ta da ko ɗigon alhaki. Ɗauki mutumin da tef ya ce ƙirjinsa inci 44, shi kuwa ya rantse 40 ne tun yana saurayi, telan ne bai iya awo ba. Riga ba a yanka ta daidai da fata, ana ƙara kamar inci 4 a ƙirji don hannu ya ɗagu, mutum ya yi numfashi. Rigarsa ta gaskiya 48 ce ke nan, shi kuma lissafinsa zai ba da 44, daidai jikinsa ba sakewa.

Gogaggen tela ba ya musu sau biyu. Zai faɗa sau ɗaya, ya rubuta 40 a littafin awo, ya miƙa biro a sa hannu. Wurin yanka sai ya bar rarar yadi inci ɗaya da rabi a kowane gefe, maimakon rabin incin da aka saba. Ranar gwaji maɓallai suna neman hanyar tsira, mai riga yana haɗiye ciki, telan bai ce uffan ba, littafi kawai ya buɗe. Daga nan a farke gefe biyu, a saki inci ɗaya a kowanne. Da yake gaba da baya ne suka haɗu a ɗinkin, kowane gefe ya ba da inci 2, jimla 4, riga ta koma 48. Yadi bai salwanta ba, an biya kuɗin gyara, kuma mutumin ya ji a jikinsa. In wannan ba zafi ba ne ban san zafi ba.

Ɗalibar Hausa:
To Baba Tela, ina ƙetar take a nan? Ai taimakonsa aka yi.

Tela:
'Yata, ƙetar tana cikin shirun. Amma ga ta banza, wadda yaran shago suka fi so: a datse rarar yadin ƙaf, a mayar da tazarar da ke tsakanin sukan allura daga milimita 2.5 zuwa 1.5 don farkewa ta yi wuya. Wa zai zauna yana tsince zaren nan ɗaya bayan ɗaya in riga ta dawo? Shi dai telan. In yadin mai santsi ne ko fata, hujin allura ba ya ɓacewa, sai a biya yadi.

Bakanike:
Nan gareji ma haka take. Akwai kwastoman da ke zuwa da cuta da magani a bakinsa. Inji yana karkarwa, silinda ɗaya ba ta kamawa, shi ya gama yanke hukunci fulogi ne, kada wanda ya taɓa masa wani abu. Gwajin kuwa na minti biyar ne: ka cire kwayil ɗin silindar da ake zargi, wato abin da ke ba fulogi wuta, ka musanya da na maƙwabciyarta. In matsalar ta bi kwayil ɗin, shi ne. In ta tsaya inda take, sai a duba fulogi da injekta. Ya ce ba ya so, yana sauri. Sai a rubuta a takardar aiki cewa mai mota ya ce a canza fulogi kawai, an ba shi shawarar gwada kwayil ya ƙi. A sa masa sababbi, a ɗaure su yadda ya kamata. Bai kai mahaɗar farko ba zai ji karkarwar tana nan. Zai dawo, kuma murya ta sauka.

Wadda nake gargaɗi a kanta ita ce ta ɗaurin noti. Wani in an ɓata masa rai sai ya sa bindigar iska ya ɗaure notin taya har ƙarshe, wai gobe mai motar ya sha wahala a hanya. Yawancin ƙananan motoci notin tayarsu ƙarfin ɗauri tsakanin 100 da 120 yake so a ma'aunin Nm, na zubar da baƙin mai kuwa 25 zuwa 40. Ka wuce haka, ƙusar tana miƙewa ta yi rauni, tana iya karyewa mota na gudu. Notin mai kuma, in kaskon na alminiyam ne, haƙoran suna cinyewa, mai ya riƙa ɗiga, kuma kowa ya san garejin da ya taɓa shi na ƙarshe. Duk abin da ya shafi birki da taya da sitiyari ba wurin wasa ba ne, domin wanda zai mutu a hanya ba lallai shi ne ya zage ka ba.

Mai Gyaran Waya:
Mu namu ma sauƙi ne, wayar ce ke ramawa. Mutum zai rantse ruwa bai taɓa kusantarta ba, ku ne kuka lalata. Yawancin wayoyi suna da ɗan tambari fari a ciki, ruwa na taɓa shi ya koma ja. A iPhone da yawa ta ramin layi ake hango shi. Ka zare tiren, ka haska, ka miƙa masa gilashin ƙara girma. Ba sai ka ce komai ba.

Mai Maɗaba'a:
Ina da ja a kan "ba sai ka ce komai ba" ɗin nan, don a wurinmu nan rigimar take. Kwastoma zai turo hoton da ya kwafo daga Facebook, faɗinsa ɗigo 800 na ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, ya ce a cika masa shafi da shi. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato hoton nan iyakarsa ƙasa da santimita 7. In aka ja shi ya cika A4 mai faɗin santimita 21, fuska za ta koma kamar an jera bulo. Ga launi: allon waya da haske yake haɗa kala, inji kuma da tawada huɗu, shi ya sa shuɗi mai ƙyalli ke fitowa a dushe, wani lokaci ya karkata zuwa shunayya. Ga rarar milimita 3 da ake bari a gefe saboda wuƙar yanka, wadda ba ya son jin zancenta. Duk wannan dalilin buga samfuri ɗaya ne a ba shi ya karanta ya sa hannu. Sai ya ce ba shi da lokaci, shi ba yaro ba ne, ya rattaba hannu bai duba ba. Ashe lamba ɗaya ta faɗi a lambar wayarsa, an buga kwafi 1,000.

Tambayata: in mai bugun ya ga kuskuren ya yi shiru saboda an yi masa rashin kunya, yana cikin irin ramuwar da Tela ya yaba? Ni a ganina a'a. Tela ya faɗa, Bakanike ya faɗa. Wanda ya gani ya haɗiye, shi ya fara sabuwar gayya.

Mai Gyaran Waya:
Ranka ya daɗe, ai sa hannunsa yana nan. Doka ma tana bayanka.

Mai Maɗaba'a:
Sa hannu yana hana a ci ka tara, ba ya wanke ka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tunda ka karɓi kafin alƙalami, idonka ma yana cikin abin da aka saya. Ka zagaye wurin da jan biro, ka ce "duba nan", sau ɗaya. In ya ture takardar, to a kunna inji, kuma babu laifi ka ji daɗinka ranar da ya dawo.

Kashiya:
Ku kuna da littafi da takardar aiki, mu a kan kanta sai ƙa'ida. Akwai wanda in ya ji haushi sai ya juye buhun tsaba a gabanka don ya ɓata maka lokaci. Maganinsa ƙirga. A ware su iri-iri, a jera goma-goma, a ƙirga da murya, kuma ƙa'idar aiki ta ce a maimaita. In ya katse ka da magana lissafi ya ɓace, a koma farko. Kai kana wurin har a tashi, shi ne ke da inda za shi, kuma layin da ke bayansa shi yake harara. Wasu ƙasashen ma sun yi wa abin iyaka. A Birtaniya dokar tsabar kuɗi ta 1971 ta ce ba dole a karɓi tsabar fenni ɗaya da fenni biyu fiye da na fenni 20 ba wurin biyan bashi.

Shi kuwa mai neman kuka, wanda ko me ka yi sai ya ce a kira manaja, kada ka jefe shi da kashin awaki. Ladabi ake ƙara masa har ya rasa abin kamawa. Zancen "kwastoma kullum shi ke da gaskiya" da yake jifan mutane da shi, ana danganta shi da masu manyan kantuna irin su Marshall Field na Chicago da Harry Selfridge, wanda ya buɗe kantinsa a Landan a 1909. Dabarar jawo masu saye ce, ba hukuncin kotu ba.

Mai Lissafi:
Bari in sako wani abu daga gefe. A 1980 wani masanin siyasa a Amurka, Robert Axelrod, ya shirya gasar manhajojin kwamfuta da ke wasa da juna, kowace tana zaɓar ta yi gaskiya ko ta yi cuta, ana maimaitawa sau da yawa. Wadda ta ci ita ce mafi sauƙi, ta Anatol Rapoport: ta fara da gaskiya, daga nan ta mayar maka da abin da ka yi mata a zagayen baya. Ka cuce ta sau ɗaya, ta rama sau ɗaya, ka gyara ta gyara. Masu riƙo da masu ramawa da ƙari ba su kamo ta ba. Wato a harkar da za a sake haɗuwa gobe, ramuwar da ta fi gayya zafi asara ce, don shi ma zai ga an wuce gona da iri ya rama da ƙari.

Malamin Harshe:
Wannan ya zo daidai da aya ta 126 a Suratun Nahli, wadda ta taƙaita ramuwa ga misalin abin da aka yi maka, ta kuma fifita haƙuri. Amma kada mu ɗora wa karin maganar laifin da ba nata ba. Ba ta ce ramuwa ta fi girma ba, cewa ta yi ta fi zafi. Tela bai ƙara komai a kan abin da aka nema ba, inci 40 aka ce, 40 ya rubuta. Zafin daga ina? Daga rashin wanda za a ɗora wa laifi. Wanzami ba ya son jarfa, balle a ce da askarsa aka yi masa.

Bakanike:
Malam, ni fa ban yarda da mai farawa kawai take ba. Wanda zai rama ma tana ce masa ya yi hattara, abin da ke hannunsa ya fi zafi fiye da yadda yake tsammani. Mai sana'a ya san inda aiki ke da rauni, kwastoma bai sani ba. Shi makaminsa baki ne, kai naka sifana.

Malamin Harshe:
Fassara ce mai kyau, sai dai ban taɓa jin an yi amfani da ita haka a zance ba. Ana faɗarta ne bayan an rama, ana yi wa wanda ya fara dariya.

Ɗalibar Hausa:
To mai shayi ko mai kofi da ke ba marar kunya wanda ba shi ya nema ba fa? An ce wasu suna ba da kofi marar ƙarfi ga wanda ya ce a yi masa mai ƙarfi.

Kashiya:
Wannan ha'inci ne, an karɓi kuɗin abu an ba da wani. In aka juya ta kuma ta fi muni: wanda ya ce ba ya son sukari ko madara ka zuba masa, ba ka san ciwon da ke jikinsa ba. Abin da zai shiga cikin mutum yana sahu ɗaya da birkin Bakanike.

Tela:
Saura guda, mai kawo ɗinki da yamma ya ce da safe yake so, bayan ya ajiye yadin wata biyu a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma in ya nace ana fafewa, da kuɗin gaggawa rubuce a bango tun kafin ya shigo, rabin kuɗin aiki a sama ko ninki. Sai dai a gaya masa tun farko ba za a sami gwaji ba, kuma a sake auna shi a ranar, ko da ya ce awonsa na bara yana cikin littafi. Ciki ba ya jiran littafi.

Mai Maɗaba'a:
Shi ma a ba shi biro ya sa hannu.