Neman kalma: me za mu kira hukuncin da ake yi kafin hukunci?

Mai Tafinta: Salamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa fassarar wata takarda ta Hausawa mazauna Ingila. Tun 2012 ma'aurata masu rabuwa a can suna iya ɗaukar wanda zai raba musu gardamar dukiya ba tare da zaman kotu ba, a 2016 aka haɗa da batun yara. Dokar raba gardama ta 1996 (Arbitration Act) ta ba shi damar yanke wani abu tun shari'a ba ta ƙare ba, in ɓangarorin sun amince, misali kuɗin ciyarwa. Shi ne "interim award". Kotu ma tana da nata. Ina son kalma biyu daban.

Yar Damagaram: Na kotu, umarnin wucin gadi. Rediyo ta saba mana da shi.

Malamin Hausa: Wucin gadi na kawo ruɗani, hajiya. Da shi ake cewa ƙafar wucin gadi. Hukuncin riƙon ƙwarya ya fi.

Dan Kasuwa: Kafin alƙalami! Kuɗi ne ake bayarwa kafin a kammala.

Mai Tafinta: Ya yi daɗi, amma wani lokaci umarnin na wanda zai zauna a gidan ne, ba kuɗi. Kuma kada kowa ya kawo mini "sulhu". Mai sulhu shawara yake bayarwa, wannan kuwa abin da ya yanke yana ɗaure su, har ma ana iya kai wa alƙali ya mayar da shi umarnin kotu. Matar da ta ɗauka sulhu ne za ta cutu.

Alaramma: Ai muna da shi: hakami, a Suratun Nisa'i aya ta 35. Hukuncin hakami.

Malamin Hausa: Allah gafarta malam, kullum sai mun ci bashin Larabci? Na daɗe ina ba da shawarar a kira mai raba gardama "rabau".

Yar Damagaram: Hukunci da alƙali fa, daga ina suka zo? Ku mutanen jami'a kuna ƙirƙira, mu a Nijar ba wanda ya tambaye mu.

Malamin Hausa: Harshen da ba ya haihuwa mutuwa yake yi.

Mai Tafinta: Dare ya yi. Na sa "umarnin kotu na wucin gadi" da "hukuncin riƙon ƙwarya na mai raba gardama".

Alaramma: Ya yi tsawo, amma ba laifi.

Malamin Hausa: Ban gamsu ba. Ki sa rabau ko a ƙasan shafi.