Motar tsere a wurin fakin a Maradi: yaya ake kare ta daga karce da toshewa ba tare da rigima ba?

Ɗan Zariya:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tambayata ga masu fenti, direbobi da waɗanda suka san harkar inshora. Motocin nan gajeru masu ƙofa biyu da ake kira kufe, irin su Mustang da Camaro da wasu na BMW, ana ganinsu jefi-jefi a gari, kuma abin da ke samunsu a wurin ajiya kusan iri ɗaya ne. A bakin babbar kasuwa ne, ko ƙofar masallacin Juma'a, ko gidan biki: a dawo a tarar yara sun rubuta suna da yatsa a kan ƙura, samari sun hau murfin inji suna ɗaukar hoto, babura sun yi mata zobe ba ta inda za a buɗe ƙofa, wani lokaci kuma dogon karce na makulli tun daga ƙofa har fitilar baya. In mai motar ya yi magana sai a ce girman kai ne. To ina ne wurin da ya fi dacewa a aje irin wannan mota? Cin gurbi biyu don a nisanta ta da sauran daidai ne? Karcen da ya riga ya auku, wanne ne ke gyaruwa ba tare da sabon fenti ba? Kuma inshora na biyan irin wannan ɓarna?

Mai Fenti Bagalam:

Wa'alaikumus salam Malam. Bari in ɗauki ɓangaren fenti, don nan ne kuɗi ke tafiya.

Fentin mota hawa uku ne: farar ƙasa da ake fara fesawa a kan ƙarfe, sai launi, sai rufin sama mai sheƙi wanda muke kira berni. Duka ukun a haɗe kaurinsu maikron 100 zuwa 150 ne a yawancin motoci, bernin shi kaɗai wajen 40 zuwa 50, wato bai kai kaurin silin gashin kai ba. Duk ƙyallin da ido ke gani a jikin motar, wannan ɗan siririn rufi ne.

Shi ya sa rubutun yara a kan ƙura ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake su ba mugunta suke nufi ba. Ƙurar hunturu da ke sauka a Maradi daga Nuwamba zuwa Fabrairu akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, kuma yashi ya fi berni tauri nesa ba kusa ba. Yatsa a kan ƙura daidai yake da sanfefa. Ka wanke motar tas, amma in rana ta daki wurin sai ka karanta sunan yaron. Kuskuren da ya fi wannan muni na mai motar ne da kansa: ya dawo cikin fushi, ya ciro busasshen tsumma ya share. Maimakon layi biyar ya yi ɗari. A fara kwarara ruwa sosai ƙurar ta sauka, sannan a wanke da sabulun mota da tsumma mai laushi, da bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye tsumman. Omo na wanki yana cinye man da aka shafa don kariya, a bar shi.

Gane zurfin karce kuma ba wuya. Ka jiƙa wurin da ruwa. In karcen ya ɓace yana jiƙe, ya dawo da ya bushe, to a cikin berni ya tsaya. Sai ka ja farce a kansa a gicciye. In farce bai maƙale ba, folish kaɗai ya isa. In ya ɗan maƙale amma ba a ganin wani launi daban a ƙasa, ana bi da sanfefa mai lamba 2000 sannan 3000, a jiƙe, da hannu mai sauƙi, kafin a goge da inji. Wannan aiki ba a maimaita shi fiye da sau ɗaya ko biyu a wuri guda, don kowane gugu yana rage bernin, kuma a kan kusurwoyi da gefen ƙofa nan da nan yake hudawa. In kuwa ka ga fari ko toka-toka ko ƙarfe, makullin ya ratsa har ƙasa, ba folish ɗin da zai fid da kai. Sai an fesa fallen gaba ɗaya, in launin mai walƙiya ne a saje shi cikin fallen da ke maƙwabtaka, in ba haka ba ƙofa ta fita daban da jiki. A nemi lambar launin a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba ko ƙarƙashin kafo, wato murfin inji, amma kada a tsaya nan: ranar garin nan tana koɗe launi, don haka a fesa gwaji a kan guntun ƙarfe a kara da motar a fili kafin a taɓa ta. In gyara zai jinkirta, a ɗiga fenti da tsinken ashana a cikin karcen don kada tsatsa ta kama, musamman da damina.

Zama a kan kafo kuma ɓarna biyu yake yi. Ƙusoshin aljihun wandon jins suna karta, nauyin mutum yana lotsawa. Kafon Mustang na shekarun nan alminiyom ne, ka kara maganaɗisu ka gani ba zai kama ba. Alminiyom in ya lotsa ba ya komawa da sauƙi kamar ƙarfe, kuma mai gyaran jiki da ya saba da guduma da wutar walda yana iya miƙe shi ya ɓata. A tambaye shi tun farko ko ya taɓa aikin alminiyom.

Tsohon Direba:

Ɗan'uwa, cin gurbi biyu kada ka fara. Shi ne abin da ya fi jawo wa mota karcen gangan, don wanda ya yi ta zagaye cikin rana bai sami wuri ba, ya ga ƴar mota ta kwanta a gicciye, ka riga ka ba shi dalilin jin haushi. Haushin ba hujja ba ne na ɓarna, amma fentin naka ne.

Na fahimci abin da ke sa masu motar yin haka. Faɗin Mustang ya kai mita 1.9 ba da madubai ba, gurbin da aka saba shatawa kuma mita 2.5 ne. Saura santimita 30 kowane gefe. Ga ƙofar kufe ta fi ta mota mai ƙofa huɗu tsawo sosai, don ita ce mashigar kujerun baya, ga kujera a ƙasa, dole sai an wangale kafin a fito. Maganin shi ne gurbin ƙarshen layi. Ka matsar da gefen fasinja kusa da bango ko shinge, gefe ɗaya ya tsira ke nan, sauran filin ya dawo gefen direba. Tafiyar ƙafa ta minti uku ta fi arha a kan fesa ƙofa.

A nan garin ma wurare da yawa ba layi a ƙasa, fili ne na yashi kowa ya tsaya inda ya samu. To a irin wannan ka duba abu uku. Hanyar ƴan ga-ruwa da masu kura da amalanke: su ba sa canza hanya don motarka, kuma bakin ƙarfen kura daidai yake da tsayin ƙofarta. Matsayar ƴan kabu-kabu da adaidaita, yawanci bakin ƙofar shiga ko ƙarƙashin inuwa: babur da aka jingina a kan ƙafarsa cikin yashi mai laushi, sannu a hankali ƙafar ke nutsewa, ya kwanto, hannun birki ko madubi ya sauka a jikin motar da ke kusa. Ba wanda ya yi niyya, amma lotsawar ta tabbata. Ka bar aƙalla mita ɗaya da rabi tsakaninka da layin babura. Na uku, bayan manyan motoci. Mai Hilux ko Land Cruiser in yana ja da baya, motar da rufinta bai kai mita ɗaya da rabi ba tana iya ɓace masa ƙarƙashin gilashin baya ɗungum.

Shiga da baya ya fi, hanci na kallon mafita. In an toshe ka, fita ta gaba ta fi sauƙi, kuma ka kare leɓen farshok na gaba, wato bamba mai tare karo, daga dakalin siminti, don tsakanin cikin irin waɗannan motoci da ƙasa santimita 11 zuwa 14 ne kawai. Hawa dakali ko tsallaka kwalbati, a yi shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya.

Sai gardi. Ka yi masa sallama, ka ba shi dala ashirin ko arba'in tun kana sauka, ka ce saura in ka dawo. Ka faɗa masa abin da kake so a fili: kada a jingina, kada a hau, kada a goge. Na ƙarshen nan ka jaddada, don gardi mai kirki yakan share maka ƙura da tsummansa yana ganin ya kyauta. Samari masu son hoto kuma, "ku ɗauka, amma don Allah kada a taɓa" ta fi tsawa aiki. Kuma gaskiya ɗaya ga masu motar: wanda ya shigo wurin fakin yana taka totur salansa na ruri, ya bule mai tuyar ƙosai da ƙura, shi ya saya wa motarsa baƙin jini kafin ya kashe inji.

Hajiya Mai Inshora:

Malam Ɗan Zariya, amsar tambayarka ta ƙarshe ta danganta da takardar da ke hannu. Nijar tana bin dokar inshora ta CIMA, wadda ƙasashen yankin sefa suka yi tarayya a kai. Abin da ta wajabta wa kowane mai mota shi ne inshorar ɓarnar da motarka ta yi wa wani. Wannan ba ta biyan ko dala a kan karcen da aka yi wa taka. Sai in ka sayi cikakkiya, wadda ake kira turisk, kuma ko ita sai ka karanta ka ga an ambaci ɓarnar gangan, sannan ka duba kason da kai za ka biya daga aljihunka a kowace ɓarna. Sau da yawa kuɗin fesa ƙofa ɗaya bai wuce wannan kason da yawa ba.

In abin ya faru, kada a gusar da motar sai an yi hoto: na nesa da ke nuna wurin da motocin da ke kewaye har da lambobinsu, da na kusa da makulli ko tsabar kuɗi a gefen karcen don a ga girmansa. A karɓi sunan gardi da lambar wayarsa. A je kwamisariya, wato ofishin ƴan sanda, a shigar da ƙara ko ba a san wanda ya yi ba, a karɓo takardar shaida. Dokar ta ce wa'adin sanar da kamfani ba zai gaza kwanakin aiki 5 ba, in sata ce kuma awa 48, don haka a duba yarjejeniya, a kai sanarwa a rubuce a karɓi shaidar sun karɓa. Abin da ke kashe wa mutane haƙƙi shi ne gaggawar kai motar gareji. Da zarar an gyara kafin masanin ƙiyasta ɓarna na kamfani ya gani, magana ta ƙare.

In wata mota ce ta goge ka kuma direban na nan, inshorarsa ce za ta biya, a kira ƴan sanda a lamba 17 su yi konsta, wato rahoton yadda abin ya faru. In yaron unguwa ne, ni dai shawarata a bi ta iyayensa da mai unguwa tukuna. Kada a ɗaga wa yaro hannu ko kaɗan, don nan take mai ƙara yake komawa wanda ake ƙara.

Ɗan Zariya:

Allah ya saka da alheri. To kyamara fa, da tampol na rufe mota, da man nan na siramik da ake talla, suna da amfani?

Injiniya Ali Ɗan Sofo:

Kyamara tana da amfani in an haɗa ta daidai. Ta soket ɗin sigari ba za ta yi ba, don a yawancin motoci yana mutuwa da an kashe inji. Sai an ja mata waya daga akwatin fiyus ta ƴar na'urar da ke yanke wuta in batir ya yi ƙasa, a saita ta a bolt 12 ko 12.2. In babu wannan, kyamarar za ta tsotse batir cikin ƴan kwanaki, kuma a kufe abin ya fi ciwo: gilashin ƙofarta ba shi da firam, yana ɗan sauka da kansa in za a buɗe, to in ba wuta ba zai sauka ba, sai ya riƙa cizon roba. A sayi kyamara mai kafasita, wata ƴar ma'ajiyar wuta, a madadin batirin litiyom, don a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, cikin motar da ke rufe a rana yakan wuce 60, batirin ya kumbura. Memori ma a sa irin wanda aka yi don ɗauka ba tsayawa, a riƙa duba shi duk wata. Ka sani kuma ta gaba da ta baya ba sa ganin gefe, inda karcen makulli yake aukuwa. Abin da za su ba ka shi ne fuskar wanda ya wuce da lokacin.

Siramik kaurinsa maikron 1 zuwa 2 ne. Yana sauƙaƙa wanki, yana rage kama ƙura, amma ba ya tare makulli, duk wanda ya ce maka yana yi so yake ya sayar. Abin da ke tarewa shi ne ledar kariya mai haske da ake mannawa, mai kaurin maikron 150 zuwa 200. In kuɗi bai kai na mota duka ba, a sa a kafo, farshok, bayan madubai da bakin ƙofofi.

Tampol yana hana rubutu da zama, amma a kan motar da aka wanke kawai ake sa shi, a ɗaure ta ƙasa da kyau. In akwai ƙura a ƙarƙashinsa iska na kaɗa shi, zai dushe kusurwoyin motar cikin mako. Inuwar dogon yaro ma a yi hattara da ita, kashin tsuntsu in ya yini a rana yana cin berni, a jiƙa shi ya yi laushi kafin a ɗauke.

Kafin a tayar kuma a zagaya motar sau ɗaya a duba tayoyi. Tayar irin wannan mota gefenta gajere ne, ko an sace mata iska ba lalle ido ya gane ba, kuma tafiyar ƴan mita ɗari a haka ta isa ta yanke gefen daga ciki ta lanƙwasa bakin rim. A aje ma'aunin iska da ƙaramin famfo mai aiki da batir a but, adadin iskar da ake so yana rubuce a ginshiƙin ƙofar direba.